Amalanken Kafinta

Kafin in shiga maganar yau ina roƙon alfarma ɗaya. Duk wadda ta karanta ta ji kamar ta zabga min mari, ta bar hannunta ya huta, na riga ta. Kwana da kwanaki ke nan ina marin kaina a zuci, kuma har yanzu ban huce ba.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, shekarata ashirin da takwas, 'yata ɗaya, mijina ya rasu tana da wata huɗu a duniya. Tun daga nan na koma ɗakin Umma, na samu aiki a gidan burodin da ke bayan layinmu. Ni ce mai kwaɓi. Ni nake fara zuwa da safe, in buɗe sito, in kinkimo buhun fulawa zuwa bakin inji. Taku goma sha bakwai ne tsakaninsu, na ƙirga har na gaji.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ina da saukowar mahaifa. Ko yanzu da na rubuta sai da na waiga in ga ko akwai mai leƙen wayata. Naƙudar kwana biyu na yi, yarinya ƙatuwa tubarkalla, ban gama murmurewa ba na faɗa ɗaukar buhu. Da farko nauyi ne kawai a mara, da ciwon ƙugu. Da safe lafiya lau, kafin la'asar sai in ji kamar na zauna a kan ƙwai. In atishawa ta zo sai na matse ƙafa, in aka ba da dariya a wurin aiki ni kaɗai nake yi da rabin baki, don na san abin da zai biyo baya. Ranar da na shiga wanka na ji abu da hannuna a inda bai kamata ba, gefen bokiti na durƙusa na yi kuka har ruwan ya huce.

Gwaggo, yayar babana, ta kawo min jiƙe-jiƙe kala uku. Na sha har harshena ya canza launi, abu yana nan. Daga ƙarshe Umma ta raka ni asibiti, ɓangaren mata, ranar Talata. A nan na haɗu da Nas. Doguwar mace ce mai wushirya, tabaraunta a rataye da sarƙa a wuya, tana magana kamar ba ta taɓa sauri ba a rayuwarta.

"Share hawayenki, ƙanwata," ta ce bayan likita ta duba ni ta fita. "Kin san mata nawa nake gani a sati da wannan? Kowacce tana zaton ita kaɗai ce. Naman da ke riƙe da mahaifa ne ya saki, kamar igiyar shanya da aka yi wa lodi. Ba mutuwa ba ce, ba ya hana aure, kuma ba laifinki ba ne."

Ita ta sa min zoben roba da ke tallafe mahaifar daga ciki. Ita ta koya min matsi: in matse kamar mai riƙe fitsari, in ƙirga goma, in saki, sau goma, safe da rana da yamma. Ta ce in yawaita ruwa da ganye da 'ya'yan itace don kar bayan gida ya riƙa yi min tauri ina yunƙuri, in tari ya kama ni kar in bar shi ya daɗe. Ta rubuta min a kati in dawo duk bayan wata huɗu a cire zoben, a duba, a mayar. Sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Kuma kar ki ƙara ɗaga nauyi."

Na bi komai sai wannan na ƙarshen. Matsi kam na zama gwana, ina jiran kwaɓi ya tashi ina yi, ina cikin mota ina yi, babu wanda ya sani. Amma buhu fa? In na ce ba zan ɗauka ba, mai gidan burodi zai tambayi dalili, ni kuma bakina ba zai iya furta dalilin a gaban namiji ba. Don haka na ci gaba, ina ɗauka ina jingina da bango in huta. Da zoben a jikina abin ya yi sauƙi sosai, har na fara mantawa.

A haka Kafinta ya shigo rayuwata. Kantocin sito aka kira shi ya gyara. Mutum ne marar yawan magana, fensir a bayan kunne, abin awo a aljihu, kuma komai ya kalla sai ka ga kamar yana auna shi. Aikin kwana uku ya mayar da shi na sati biyu. Ranar da ya gama ya tsaya a bakin inji yana sosa ƙeya.

"Malama, in kanta ta sake karkacewa, wa zan kira in ji labari?"

"In ta karkace ai mu za mu kira ka."

"To, ki ba ni lambar da zan gane in an kira."

Na yi dariya da rabin bakin nan nawa na ba shi. A wayata har yau Kafinta na rubuta. Saƙonninsa ba irin na samarin nan masu kwafo kalamai ba ne. "Kin karya?" "Yau akwai rana, ki sha ruwa." "Na yi wa mutuniyata 'yar kujera, gobe zan kawo." Mutuniyarsa ita ce 'yata, wadda daga ganinsa na biyu ta fara hawa kafaɗarsa tana zare masa fensir. Ni da na ɗauka zuciyata ta rufe shago tun rasuwar mijina, sai ga ni ina duba waya da fulawa a hannu.

Da maganar ta yi ƙarfi, Umma ta zaunar da ni. Gwaggo na gefe da kofin shayinta, don ba a yanke magana a gidanmu ba ta nan.

"Auta, wai me kike jira? Mutum ya zo da gaskiyarsa, yana son 'yarki, ga sana'a a hannu."

"Umma, so nake in gaya masa maganar ciwon nan tukuna."

Gwaggo ta dire kofi har shayi ya fantsalo. "Ki gaya masa me? Tallar me za ki yi? Ke ba ki san maza ba. In ya ji wannan ko takalminsa ba zai tsaya ɗauka ba. Ba don abinci kaɗai aka yi ciki ba, ki ja bakinki ki tsuke."

Na kalli Umma ko za ta ce wani abu. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Wallahi da ta ce min in faɗa, da na faɗa. Amma ba zan ɗora musu ba, ni ma tsoron nake ji, Gwaggo ta dai samo min inda zan fake ne.

Wata Asabar ya ce zai kawo yayarsa ta gan ni. Ita ta rene shi tun mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara shida, ita ce uwa ita ce uba. Muka wanke labulen falo, Umma ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai an yi baƙi, na sa doguwar rigata ruwan zuma da mayafi ruwan madara. Na ɗauko tire na yi sallama na ɗaga labule, sai idona ya sauka a kan tabarau rataye da sarƙa.

Nas ce.

Ban san yadda tiren nan ya kai ƙasa lafiya ba. Matar da ta san jikina fiye da yadda na san shi, ita ce zaune a kujerar Umma, 'yata a cinyarta. Ta ɗago ta yi murmushi, wushiryar nan ta fito.

"Sannu ƙanwata. Ashe ke ce kika hana min yaro cin abinci."

Shi ke nan abin da ta ce. Ko ƙiftawar ido ta sanayya ba ta yi min ba. Umma ma ta gane ta, ta yi sauri ta shiga zuba lemo. Aka yi hira, aka yi dariya, ta yaba gidan, suka tafi. Ni kuwa tun daga ranar na zama mai kaza a aljihu, ba na jimirin as.

Ranar komawata asibiti saura sati biyu a lokacin. Na ɗauko katin na kalla na mayar ƙarƙashin kaya. Ta yaya zan hau gadon nan in buɗe wa yayar mijin da zan aura jikina? Na ce bari in bari sai Talata ta gaba, Talata ta gaba ta zama wata, wata ya zama wata uku. Wata baƙuwar lamba ta kira ni sau uku a ranaku daban-daban, ban ɗauka ba. Zoben da ya kamata a cire a wata huɗu ya kai wata bakwai a jikina. Na fara ganin ruwa mai wari, ga raɗaɗi in na daɗe a tsaye. Na ƙara yawan turare da wanki, na ce zai wuce.

Shi kuma duk abin da ya faɗa sai na juya shi sau goma. In ya rubuto "Yaya jikin?" sai gabana ya faɗi, wane jikin? In ya ce Yaya tana gaishe ni, sai in kwana ina tunanin me suka tattauna kafin gaisuwar.

Sai ranar Larabar nan. Da hantsi ne, ma'aikata sun cika, ana fitar da burodin farko. Na ji ƙarar taya a bakin ƙofa, sai ga shi ya turo wani ɗan amalanke na katako. Gajere ne, kusan a ƙasa yake, yadda mutum zai kwantar da buhu a kai ba sai ya ɗaga ba. Ya goge shi ya shafa masa mai yana ƙyalli, har da roba a mariƙin. Fuskarsa cike da murna kamar yaron da ya ci jarrabawa.

"Ga shi, naki ne," ya ce. "Daga yau kar ki ƙara ɗaga nauyi."

Kar ki ƙara ɗaga nauyi. Kalma a kan kalma, abin da ta gaya min a ɗakin nan mai labule kore. Kunnena ya yi dum. Na ga masu nannaɗe burodi sun tsaya suna kallo suna murmushi, sai na ji kamar duk sun sani, kamar an tuɓe ni a tsakiyar shago.

"Wa ya ce maka ba na iya ɗaukar nauyi?"

Murmushinsa ya ragu. "Babu wanda ya ce. Na dai ga..."

"Ka ga me? Me aka gaya maka?"

"Wa zai gaya min me?"

Ban tsaya ji ba. Na kama mariƙin amalanken na ingiza shi waje da duk ƙarfina. Ya gangara matakalar ƙofa ya daki bakin kwalbati, taya ɗaya ta fita ta yi nata wuri. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar inji. Ya kalle ni, ya kalli amalanken, ya sauka ya tsinci tayar ya sa a aljihu, ya ɗauki sauran a kafaɗa ya tafi.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma na shiga sito na rufo ƙofa na ɗauko waya, na rubuta masa:

"Ka gaya wa munafukar yayarka Allah ya isa tsakanina da ita. Asibiti aka ɗauke ta aiki ko gidan rediyo? Kar ka sake nemana."

Ya amsa nan take. "Me Yaya ta yi miki?" Ya sake turowa, "Don Allah ki ɗauki waya." Na toshe lambarsa. Na koma na kinkimi buhu biyu a jere don in nuna wa kaina ban san me ba.

Kwana goma sha uku bayan nan na ga jini. Umma ta tsinci zanen a wanki, ta shigo ɗaki riƙe da shi, fuskarta babu wasa.

"Tashi ki sa mayafi."

"Umma, ita ce fa a wurin."

"Ko wace ce. Na yi shiru ranar da Gwaggonki ta yi magana, ba zan sake yin shiru ina kallo ki lalace ba. Tashi."

Talata ce kuwa. Ina kan benci ina addu'ar Allah ya sa wata ce a bakin aiki, aka kira ni, na ɗaga labule, tabarau da sarƙa. Ta nuna min gado kamar kullum. Ta ɗumama hannunta, ta ce in ja numfashi, ta cire zoben a hankali, na cije leɓe don zafi. Ta kira likita suka duba tare. Zoben ya goge ni ya yi gyambo. Likita ta ce an yi sa'a bai yi zurfi ba, amma sai na yi sati shida babu zobe, ga magani na shafawa da na sha, in riƙa kwanciya da rana in ɗora ƙafa a kan matashi, kuma ko bokitin ruwa kar in ɗaga.

Da likita ta fita, Nas ta wanke hannu ta zauna ta rubuta kati. Sai da ta gama ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa ƙirjinta.

"Sau uku na kira ki da lambata, ba ki ɗauka ba."

Na sunkuyar da kai.

"Ƙanena ya nuna min saƙon," ta ce. Babu faɗa a muryarta, da ma ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. "Ya zo gidana ya tsaya a kaina, Yaya me kika yi mata? Na ce ban yi mata komai ba. Ya ce to me ya haɗa ku da asibiti, kin san ta ne? Na ce ba na maganar wanda na sani ko ban sani ba a wurin aiki, ka je ka tambaye ta. Ya yi rantsuwa ina ɓoye masa wani abu. Gaskiyarsa ne kuwa, ina ɓoyewa. Yaron da na goya a bayana, yau sati biyu ke nan bai taka gidana ba, bai kira ya gaishe ni ba."

"Anti... ba ki gaya masa ba?"

"Shekara ashirin da ɗaya ina aikin nan. Ko mijina bai taɓa jin sunan mace ɗaya daga bakina ba."

"To amalanken..."

"Amalanken nan wata guda ya yi yana haɗa shi a tsakar gidana, ya cika min gida da ƙurar katako. Ya ce tun yana gyaran kantoci yake ganinki, duk buhun da kika sauke sai kin dafe ƙugu kin jingina da bango. Har faɗin ƙofar sitonku ya auna. Kafinta ne fa, ƙanwata. Kujera ma in tana ɗingishi yana gani daga nesa."

Jama'a, na sha jin ana cewa zato zunubi ne, amma ranar na san nauyinsa. Na sauko daga gadon na durƙusa a gabanta ina kuka ina ba ta haƙuri, ko mayafina ban gyara ba. Ta kama kafaɗata ta ɗaga ni.

"Tashi, durƙuson nan ma ba ya yi miki kyau yanzu. Ni na yafe, na san tsoro ne, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amma ki sani, ko yau ba zan gaya masa ba. Sirrinki ne. In zai ji, daga bakinki zai ji."

Washegari na fara da mai gidan burodi. Na ce masa likita ta hana ni ɗaukar nauyi saboda lalurar haihuwa. Abin da na shekara biyu ina tsoron faɗa, mutumin nan ko ɗago kai bai yi daga lissafin tirensa ba, ya ce, "To ai sai ki faɗa tun tuni, masu gashin burodi su riƙa kawo miki." Na tsaya kamar sakarya.

Da la'asar na kwanta na ɗora ƙafa a matashi kamar yadda aka ce, na buɗe lambarsa, na danna na yi magana. Minti huɗu da sakan goma. Na gaya masa komai, naƙudar, buhunan, zoben, katin da na ɓoye, da abin da yayarsa ta haɗiye saboda ni. Na ce in ya fasa ba zan ga laifinsa ba. Gwaggo da ta ji abin da na yi ta tafa hannu ta ce na kashe kaina da kaina, Umma ta ce mata, "Yaya, a bar yarinyar nan haka." Ban taɓa jin Umma ta mayar mata da magana ba sai ranar.

Alama ta nuna ya saurara. Kwana ɗaya shiru, biyu shiru, uku shiru. Wayata ta yi ƙara in zabura, in ga kamfanin waya ne.

Jiya da safe na isa gidan burodi, na tarar da amalanken a jingine da ƙofar sito. Sabuwar taya, inda ya tsage an ɗaure shi da ƙarfe an goge. Na leƙa titi hagu da dama, babu shi. Ina tsaye a wurin saƙo ya shigo.

"Na saurara sau uku. Da kin gaya min tun farko, abin da zan ce kawai shi ne Allah ya ƙara sauƙi, wace rana ce asibiti in kai ki. Ciwon bai rage min komai ba. Amma matar da kika kira munafuka ita ta goya ni, kuma a kanki na yi sati biyu ban gaishe ta ba. Jiya na je na durƙusa mata. Wannan ne ban san yadda zan yi da shi ba tukuna. Ki yi amfani da amalanken, kar ki ɗaga komai."

Na karanta har haruffan suka haɗe. Abin da na ɓoye wata da watanni don kar ya gudu, ashe ko a jikinsa. Abin da na rubuta da yatsana cikin minti ɗaya shi ne ya tsaya mana a tsakani. Ɗaya daga cikin masu gashi ya kwantar min da buhu a kai, na tura, taku goma sha bakwai, ko ƙara tayar ba ta yi. Na isa bakin inji na juya musu baya don kar su ga fuskata.

Na rubuta "Har yaushe?" na goge. Ba ni da bakin tambayar nan.

Talata mai zuwa zan koma a duba gyambon. Nas ta taɓa faɗa a falonmu cewa shi yake sauke ta a ƙofar asibiti kowace Talata, ƙarfe bakwai da rabi, kuma yanzu da suka shirya na san zai koma kai ta. A katina ƙarfe tara aka rubuta. Na riga na goge doguwar rigar nan ruwan zuma na rataye, kuma ƙarfe bakwai zan kasance a kan bencin da ke kallon ƙofa, da katin a hannuna inda kowa zai gani.